Ɗakin Tagogin Mainasara

Idan ka taɓa shiga tsohuwar bas a Kwanar Dangora, ka zura hannu ta taga ka karɓi rake ko dafaffen ƙwai, to da wuya in ba ta kafar da Mainasara ya huda ka zura shi ba. Ba ka san shi ba, shi ma bai san ka ba, amma iskar da ta hana ka suma tsakanin Kwana da Tudun Wada shi ya buɗe mata hanya. Ni Dikko, da na ƙarar da ƙuruciyata ina kiran fasinja a tashar nan, ban taɓa jin wani ya zauna a kujera ya tambayi wanda ya yanka tagar ba. Direba ake yi wa addu'a, mai mota ake yi wa kirari, sai a cika a tashi.

Mainasara ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, da taurin kai irin na jakin da ya ga kwalbati. Ba ya dariya sai an matsa masa, in ya yi kuma sai ka ce tara aka ci shi. Tun muna yara nake kiran sa Sarkin Ƙi, shi kuma yana ce mini Baki-ya-fi-aiki. A gari ɗaya aka haife mu, garin da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga.

Muna yara ƙanana aka ce kowa ya tashi, za a tare ruwa. An kawo manyan motoci suna kwasar kaya, mata na kuka, tsofaffi na ta zagaya maƙabarta. Kawu Abdulmalik, mahaifin Mainasara, ya bari aka loda komai nasa, gado da turmi da tukwane, amma da aka zo kan ƙyauren zaurensa sai ya ce a'a. Ƙyauren katako ne mai kauri, kakanmu ya sa aka sassaƙa shi, duk ya yi baƙi saboda hannuwan da suka daɗe suna tura shi. Kawu ya ce a mota za a danne shi da kaya ya tsage. Ya naɗa gammo, aka ɗora masa, ya taka da ƙafa har sabon wurin da aka yanka mana, ni da Mainasara muna biye da shi muna korar awaki. Da muka isa babu ko bango, fili ne kawai da turaku da aka kakkafa don kowa ya san iyakarsa. Kawu ya daɗe a tsaye da ƙyaure a ka yana neman inda zai jingina shi.

Bayan wasu shekaru, da rani, ruwa ya ja baya sosai, wani masunci ya kai mu a kwalekwale mu ga tsohon gari. Ba mu ga komai ba sai tudun laka nan da can. Zauren kawu da rumbuna da ɗakin da aka haifi Mainasara duk sun narke kamar fura a ƙwarya. Ni na yi ta surutu ina nuna inda kaza yake da inda kaza yake, shi yana bin wurin da kallo har muka fito gaɓa. A nan ya ce mini, in Allah ya ba shi iko, shi ba zai gina ɗakinsa da abin da ruwa ke narkarwa ba. Na yi masa dariya, na ce to sai ya nemi tukunyar ƙarfe ya shige ciki.

Noman rani bai karɓe shi ba, kamun kifi kuma bai iya ba, sai kawu ya kai shi Kano wajen wani mai walda. Ya dawo da gemu da tabon wuta a hannuwa, ya kafa rumfa a bakin titi nan Kwanar Dangora, daidai lokacin da motocin Kwatano suka fara kwararowa. Yaran yanzu ba su san yadda abin yake ba. Turawa in sun gama more motar ɗaukar kayansu, ta mai burodi, ta mai gyaran famfo, ta mai fenti, sai su turo mana ita ta jirgin ruwa. Tana zuwa a rufe ruf kamar gwangwanin madara, babu taga a baya, babu kujera sai ta direba. An ce haka ta fi araha, kuma fitonta ya fi sauƙi. Dillalai irin su Alhaji Inuwa na Bebeji su je su taho da su a jere, kowacce da rubutun da ba mai iya karantawa a jikinta. Kafin irin wannan mota ta ɗauki mutum sai ta biyo ta hannun Mainasara, ya huda mata tagogi, ya sa roba da gilashi, ya haɗa mata kujeru.

Na sha tsayawa ina kallon sa. Yakan fara da ƙwanƙwasa jikin motar da bayan yatsa, yana saurare, don ya gane inda ƙashinta yake, wato ƙarafan da ke riƙe da rufi. Waɗannan ba ya taɓa su ko mai mota zai yi birgima. Wasu masu waldar sukan datse su don taga ta yi faɗi mota ta yi kyau, shi kuwa sai ya ce a kai musu, shi ba zai yi wa mutane makara mai gilashi ba. In ya gama ƙwanƙwasa sai ya ɗauko alli. Lokacin da yake zana layi ba a yi masa magana, ni kaɗai ke yi, don in ba shi haushi. Awonsa ma nasa ne shi kaɗai. Tun suna sabon aure ya zaunar da matarsa Hasiya a kujerar wata mota, ya sa alama daidai kafaɗarta, ya ce daga nan taga za ta riƙa farawa, tunda ita gajera ce, in ta sha iska kowa ma ya sha. Da kurfi da guduma ya fara yanka, daga baya ya sayi inji. Ƙarar aikinsa har cikin tasha muna ji, in ta tsaya mun san azahar ta yi.

Al'adar sana'ar ita ce abin da aka yanke na mai yanka ne, kamar yadda ƙyallen da ya ragu yake zama na tela. Kowace taga tana barin fallen ƙarfe guda, mai kusurwa huɗu, da fentinsa da guntun rubutunsa. Sauran masu walda sukan mai da su murhu ko kaskon suya ko abin kwasar shara su sayar ranar kasuwa. Mainasara bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Daga kowace mota yakan zaɓi wanda ya fi burge shi ya kai gida, sauran ya rabar, shi ya sa har yau akwai bayi da akurki a bayan tasha masu ƙofa da harafin Turawa. Waɗanda ya zaɓa sai da suka yi tsibi a bayan ɗakin Hasiya, tana ta mita wai kunamu sun samu gidan haya.

Wata shekara bayan kaka sai na ga ya zuba daɓe a ƙofar gidansa, ya kafa fayif, ya fara liƙa fallayen nan ɗaya bayan ɗaya, fenti yana kallon waje. Bai gina shi a rana ɗaya ba. In mota ta zo bango ya ƙaru, in kasuwa ta yi sanyi ɗaki ya jira. Da haka har ya kai rufi. Ba ka taɓa ganin abu irinsa ba. Nan ja, nan fari, nan rawaya, ga rabin burodi, ga kan famfo babu jiki, ga hannun wani Bature riƙe da burushi, shi Baturen ya tafi da sauran motar. A gefen gabas akwai falle mai hoton wutsiyar kifi, wanda ya yanko daga motar farko da Alhaji Inuwa ya kawo masa. A kan launin wutsiyar nan muka yi shekaru muna gardama, ni na ce kore ne, shi ya ce shuɗi, rana kuma ta dafa fentin har ba mai iya raba mu. Da ya gama, bai yi wa ɗakin ƙofar ƙarfe ba, ko da yake yi wa mutane yake yi. Ya je ya roƙi kawu tsohon ƙyauren nan, ya gyara masa mazauni daidai shi.

Gaskiya ɗakin ba ya zaunuwa da bazara. Na ce masa ya gina wa kansa tanderu, in ya mutu ba sai an yi masa hisabi ba, ya riga ya ɗanɗana. Ya jera zana ta ciki, ya ɗora ciyawa a kan rufi, ya dasa darbejiya a gefe, duk da haka in rana ta take sai dai a fito da tabarma waje. Amma da yamma nan ne majalisa. Direbobi su zo su nemi tagar motarsu a bango, wani ya shafa ya ce wannan ce ta yi mini aure, wani ya ce wannan ce ta kai tsohuwata Makka. Mainasara ya san kowane falle, motar wa ce, wa ya tuƙa ta, wace hanya ta bi, Doguwa ko Zariya ko Kiru, da inda ta ƙare. Da yawa daga motocin sun mutu, da yawa daga direbobin ma haka, abin da ya rage nasu shi ne wannan guntun da ke bango. Kawu ya ga ɗakin kafin ya rasu. An riƙo shi ya zo, ya tura ƙyauren da hannunsa, ya ji ya buɗe ba tare da ya ja ƙasa ba, ya ce to yanzu ƙyauren nan ya samu gida. Tun daga ranar Mainasara ya ɗauki ɗakin nan ya sa a ransa fiye da gonarsa, ina jin har fiye da wasu 'yan uwan, ciki har da ni.

Sana'ar ba rana ɗaya ta mutu ba, shi ya sa ba mu farga da wuri ba. Da farko motocin Turai ne suka fara zuwa da wata irin ƙwaƙwalwa, in ta ƙi tashi makanike ya yi ta zagaya ta kamar baƙo a kasuwa. Direbobi suka fara gudun su. Sannan aka hana shigo da mota ta kan iyaka, dala kuma ta yi sama ta bar mu a ƙasa, Alhaji Inuwa ya koma sayar da taki. Fasinja su ma suka buɗe ido, kowa yana son ƙaramar mota mai gudu, Sharon ko Siyana, wadda ta zo da gilashinta tun daga can. Daga ƙarshe mutanen Sin suka gane akwai kasuwa, suka fara turo bas sababbi fil, farare, da tagoginsu da labulensu, kujeru ko ledar ba a cire ba. Ranar da ta farko ta shigo tasharmu mutane suka kewaye ta suna ɗaukar hoto. Ni ne na yi mata lodi, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta cika kafin in gama kiran gari. Na hango Mainasara a tsallaken titi, tsaye da alli a bayan kunne, ba abin da zai zana.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu wanda za ka kama. Mutanen da ke can ƙetare ba su san akwai wani Mainasara ba. Lokacin da ya yi musu daɗi su turo mota a rufe, sun turo, ya ci abinci. Lokacin da ya yi musu daɗi su huda da kansu, sun huda, abincin ya yanke. Mu dai namu karɓa ne, abin da aka ga dama a turo shi muke yi wa guɗa. Ɗansa Isa, da ya fara koyon aikin, ya duba gaba ya duba baya, ya ajiye guduma ya tafi Kano tuƙin adaidaita sahu. Uban bai hana shi ba. Ya koma liƙe salansa da gyaran garma da ƙafar kujerar makaranta, aikin da a da yake turawa wani.

Sai kuma ido. Duk shekarun nan da tabarau na kasuwa yake walda, wani lokacin ma tafin hannu kawai yake karewa da shi. In idon ya yi ja yana yaji, sai Hasiya ta ɗiga masa madarar gwangwani ya kwanta, gari ya waye ya koma. Haka duk masu waldar wurinmu suke yi. Ya fara gani dishi-dishi, ya ɓoye, har ranar da ya miƙa wa limaminmu hannu yana kiran sa da sunan mai shayi. Daga nan ya rufe rumfa. Aka kai shi aka duba, aka ce yanar ido ce ta rufe duka biyun, aiki za a yi. An taɓa kawo likitocin kyauta, muka je muka wuni a layi, aka rufe kafin a zo kanmu. Ya dawo ya tare a ɗakin tagogi. Da safe sai ya fito ya bi bango da tafin hannu, yana gane kowane falle da lotsawarsa da kaifin bakinsa, yana kiran sunan direba kamar mai gaisuwa. Na taɓa kama hannunsa na ɗora a kan wani na ce ya faɗa, ya faɗa daidai, ya ƙara da cewa mai motar ya fi ni hankali.

A lokacin ne 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka cika gari. Duk tsofaffin motocin da ya huda, waɗanda suka mutu a bayan gareji, aka riƙa sassara su ana ɗorawa a sikeli. An ce narkarwa ake yi, wasu ma sun ce har ƙetare ake kaiwa. Wani yaro mai ladabi da ake kira Mujitaba, wanda ke da sikeli a hanyar Bagauda, ya zo ya tsugunna ya gaida shi. Ya ce ƙarfen dā ne, mai kauri, irinsa ya yi wuya yanzu, in Baba zai sallama abin da za a samu zai isa aikin ido har a yi canji. Ina wurin. Mainasara ya bar shi ya gama tsaf.

"Ɗana, na gode. Amma in an buɗe mini idon, me zan kalla?"

Mujitaba ya ce duniya tana da faɗi, Baba. Mainasara ya ce ya gan ta, ta ishe shi, ɗakin nan ne bai gama gani ba. Yaron ya sake zuwa, aka ba shi ruwa ya sha, aka sallame shi da amsa iri ɗaya. Isa ya zo daga Kano ya yi magana har da hawaye. Ni ma na sa baki, na ce Sarkin Ƙi, ƙarfe ne fa, ba ya salla ba ya salati. Ya ce mini ni da ban taɓa ƙera ko cokali ba ba zan gane ba, in yi shiru. Na yi fushi na kwana biyu ban je ba, amma a raina na san ya faɗi gaskiya.

Wadda ta sha wahalar ita ce Hasiya. Ita ke kai shi bayi ta jira, ita ke ɗora masa hannu a kan kwano, ita ke jin mutane na cewa ga gidan da aka fi son kwano da ido. Da damina ya fito zai je masallaci shi kaɗai, don ya ƙi sanda, ya faɗa kwata ya fasa goshi. Na tarar da ita tana wanke masa jini.

Ba a daɗe ba Isa ya zo da albishir. Ya ce maigidansa na Kano, mai adaidaitar da yake tuƙawa, ya ji labari ya ɗauki nauyin aikin saboda Allah. Mainasara ya yi ta sa wa mutumin albarka, ya ce a kai shi ya gode, Isa ya ce ya yi tafiya. Aka ce ni zan raka shi in zauna da shi, tunda Hasiya ba ta iya Kano ba, Isa kuma aiki ba zai bar shi ba. Na yarda da labarin kamar yadda shi ya yarda, har na ce ashe akwai sauran masu kuɗi na gari. Ranar tafiya ya ja ƙyauren da kansa, ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

An yi masa ido ɗaya, na dama, aka ce ɗayan sai wannan ya warke. Muka sauka gidan wani ɗan uwanmu don a riƙa duba shi. Ranar da aka cire bandeji ni ya fara gani, ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce ashe haka na lalace ba wanda ya gaya masa. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Likita ya ja masa kunne, kada ya sunkuya, kada ya ɗauki abu mai nauyi, kada ƙura ta shiga.

A hanyar dawowa, kamar da gangan, farar bas ɗin Sin muka samu. Ya zauna kusa da taga, ya bi bakinta da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, yana neman inda aka yi kuskure. Bai samu ba. Ya ce aiki ya yi kyau, sai dai sun ɗaga ta da yawa, Hasiya ba za ta sha iska a nan ba. Daga nan ya koma kallon waje kamar yaro ranar salla, yana nuna mini shinkafa a fadama, da shanu, da allon gidan mai, duk abin da na gaji da gani. Da muka kusa Kwana sai ya dafa gwiwata.

"Yau za mu raba gardama, Baki-ya-fi-aiki. Ka shirya. Shuɗi ne."

Muka sauka da la'asar. 'Yan tasha suka taso suna yi masa barka, amma na lura gaisuwar ba ta da tsawo, kowa yana faɗa yana kallon ƙasa. Mai shayi ya ce mu zauna mu huta tukuna, ya nace har abin ya ba ni mamaki. Mainasara ya ce shayi ba ya gudu. Ya wuce gaba, ni ina bin sa da jaka, karon farko cikin shekaru da ba ni ke jan sa ba.

Da muka sha kwanar lungunsu sai na ga haske inda bai kamata a ga haske ba. Darbejiya tana nan, daɓe yana nan an share shi tas, da ramuka a jere inda aka tumɓuke fayif. Zanar ciki an naɗe ta an ajiye a gefe. Babu ja, babu rawaya, babu rabin burodi. Bangon gidan na ƙasa, wanda ɗakin ya tsare shekara da shekaru, ya fito fili da tsagarsa. A jikinsa an jingina ƙyauren kawu. Sikeli ba ya sayen katako, shi ya sa suka bar shi, amma sun kwance ƙarafan da ke riƙe shi, har da marikin kwaɗon.

Mainasara ya tsaya a bakin daɓen, bai hau ba. Hannunsa yana cikin aljihu, na san makullin yake riƙe da shi. Isa yana tsugunne a gindin bishiya, ashe tun safe yake nan yana jira, ya kasa ɗaga kai. Hasiya ta fito ta tsaya a ƙofar gida, mayafinta a hannu.

"Malam, ni na ce a yi. Kada ka ga laifin yaro. Babu wani maigida a Kano, da kuɗin ɗakin aka yi maka aiki. Na gaji da ganin kana laluben buta."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya juya kansa a hankali, don ido ɗaya ba ya ɗaukar wuri duka, ya bi filin da kallo daga wannan rami zuwa wancan. Sannan ya tambaye ta ko an bar na kifin. Ta ce ta roƙa, suka ce an riga an haɗa da shi a ciniki, motar ma ta tafi tun shekaranjiya. Na so in yi wasa, don wasa ne abin da na iya, amma na ga ba wurinsa ba ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Matar nan ta yi gaskiya, yaron nan ya yi gaskiya, Mujitaba ma sana'arsa ya yi.

Ya hau daɓen, ya je wajen ƙyauren, ya shafa shi. Ya cire hularsa ya murɗe ta ya ɗora a ka. Na ce masa likita ya hana, nauyi zai ɓata aikin, a bari Isa ya ɗauka. Isa ya zabura ya miƙe.

"Kai zauna," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Dikko, ɗora mini."

Ba ya kiran sunana sai abu ya kai maƙura. Na kama gefe ɗaya na ɗora masa. Ya shiga cikin gida da shi, wuyansa na rawa, gajeriyar tafiyar nan tasa sak ta kawu. Na bi shi a baya kamar yadda na bi ubansa, sai dai yau babu awaki. Ya tsaya a tsakar gida yana juyawa da ƙyaure a ka. Duk ƙofofin gidan ƙarfe ne, shi ya ƙera su da hannunsa, babu wadda za ta karɓi wannan. Daga ƙarshe Hasiya ta janye turmi daga bayan ɗakinta, inda fallayen suka taɓa yin tsibi, muka sauke shi a nan.

Har yau yana wurin, ta rufa masa buhu saboda ruwan sama. Idon bai lalace ba, Allah ya kiyaye, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana cin tuwon Hasiya, yana amsa gaisuwar Isa. Majalisa ce ta watse, don ba inda za a nuna a ce wannan tawa ce. Lokacin komawa asibiti ya yi ya wuce, an aiko, canjin da ya ragu ma Hasiya ta adana don aikin. Na je da kaina na ce ya shirya mu tafi a buɗe ɗayan. Yana zaune a bakin daɓen, bayansa ga titi. Ya ce in bar shi, abin da ya rage a gani, ɗaya ma ya ishe shi.